Irin da Na Ajiye a Rumbun Wani

Kakata Memuna ba ta yin tatsuniya sai hannunta na kan aiki. A gidan hayar da muka tashi a Mamobi, ɗakuna ne suka zagaye tsakar gida ɗaya, ƙofar nata ce ta fi kusa da famfo. Da an sallame magariba za ta fito da kurfoti, wato murhun ƙarfe, ta hura gawayi, ta ɗora wake da karan dafi, don shinkafa da waken da za ta sayar da safe. Ni da yayata Fuseina mu zauna da tire a cinya muna tsince tsakuwa, labari kuwa shi ne ladanmu. Hausarta ta Zango ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta, in labari ya yi zafi ta jefa yaren Twi a ciki ba tare da ta sani ba.

Akwai yammar da ban manta ba. Tun kafin a yi wa mahaifiyarmu aure Kaka take kafa teburinta a jikin katangar wani gida kusa da tashar motocin haya da ake kira trotro. Mai gidan ne ya ce ta zauna, kuma bai taɓa karɓar komai a hannunta ba. Da ya rasu, ɗansa ya dawo daga ƙasar waje zai gina shaguna. Bai aiko mata ba, bai yi mata magana ba. Ta je da safe ta tarar da teburinta a ƙetaren kwata, ƙafa ɗaya a karye. Da hantsi ta dawo gida da tukunya cike, ta raba wa maƙwabta.

Ran nan ma ta hura gawayin, amma ba ta ɗora komai ba. Ta zauna tana kallon wutar, sannan ta ce mu matso, ga wata tatsuniya ta zo. Muka ce ta shigo.

Ta ce a wani gari an yi wani attajiri da ya gina rumbu wanda ba a taɓa ganin irinsa ba. Ya sa aka yi shela cewa kowa ya kawo irin shukarsa ya ajiye kyauta, ba ɓera, ba gara, ba ɓarawo. Mutane suka kai. Inuwar rumbun ta zama wurin hira, a nan ake jin wa ya haihu, wa ya dawo daga tafiya, kowa yana yaba irin ɗan'uwansa. Rumbunan gida kuwa suka fara tsagewa, ba wanda ya tsaya yaɓe su. Sai wata tsohuwa da ta kai rabin nata, ta ɓoye sauran a wata fasasshiyar tukunya a ƙarƙashin gado, har jikokinta na yi mata dariya. Ranar da ruwan farko ya sauka, gari ya fito da ƙwarya a hannu, aka tarar da rumbu a kulle. Mai gadi ya ce an sami ƙwaro a hatsin wani. Na wa? Bai sani ba. Ya ce su kai kukansu taga. A tagar kuwa aku ne a zaune, duk abin da aka faɗa sai ya ce, "Mun ji kukanku, ku saurare mu." Kaka tana kwaikwayon muryar akun ta hanci, abin da kullum zai sa mu dariya, amma ran nan ba wadda ta yi. Damina ta wuce mutane suna tsaye a taga. Tsohuwar ta shuka ɗan abin da ke tukunyarta, ta girbe kwando ɗaya, ta ba kowane gida tafin hannu.

Nan Kaka ta tsayar da labarin. Fuseina ta tambaye ta me ya sami attajirin.

"Ya ƙara ƙiba," in ji Kaka.

Na ce ba haka tatsuniya take ƙarewa ba, ai sai kura ta cinye shi ko rumbun ya faɗo masa. Ta juyo ta kalle ni da idon da ban saba gani ba.

"Wa ya gaya miki? Rumbu nasa, makulli nasa. Ni haushina mutanen garin. Suna da hannu, suna da laka, suka bar nasu ya rushe."

Na shiga ɗaki ina kuka don haushi, ko isha'i ba a kira ba. A lokacin na ɗauka labarin ne ya cuce ni. Ban gane da kanta take faɗa ba.

Na girma na zama mai ɗaukar hoto a Nima, ina bin suna da biki. A gidajen da nake shiga na riƙa ganin tsofaffin hotuna a ƙasan akwati: mahauta da manyan riguna, mata sun yi anko, alhazai a filin jirgi. Na fara ɗaukarsu da waya ina sawa a wani shafi da na buɗe a dandalin sada zumunta, tare da sunayen mutanen da ɗan tarihinsu. Abu ya karɓu. Tsofaffi suka riƙa aiko a kira ni. 'Ya'yan Zango da ke ƙasashen waje suna rubuto mini cewa sun ga kakansu a karon farko. Shekara shida ina wannan aiki. In waya ta cika sai in goge na ciki, tunda ai suna can a shafi.

Wata safiya na buɗe, aka ce an rufe shafin saboda na karya doka. Wace doka? Wane hoto? Ba a faɗa ba. Na rubuta koke, amsa ta dawo kafin in ajiye wayar, cewa sun karɓa, suna dubawa. Na sake rubutawa, amsar ba ta canza ko da harafi ɗaya ba. Na yi makonni ina rubuta wa abin da ba mutum ba ne, ina roƙo, ina tura katin shaidata, kamar ni na yi sata. Shekarun da na yi ina tara wa kamfanin da ke da dandalin masu kallo suna liƙa talla a gefen fuskokin matattunmu, ba su kai a ce mutum ɗaya ya karanta takardata ba.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne zuwan Kawu Issaka, ƙanen mahaifiyata. Hoton matarsa marigayiya Salamatu guda ɗaya ne a duniya, na ranar ɗaurin aurensu. Na ɗauka na sa a shafi, na mayar masa da nasa. Daga baya ruwa ya shiga ɗakinsa a wata damina, hoton ya manne da takardu ya lalace. Bai damu sosai ba, don duk Juma'a bayan masallaci yakan biyo ta shagona in buɗe masa ya gani. Wannan Juma'ar ya zauna a benci, ya ciro tabarau, ya goge shi da bakin riga yana jira. Na rasa ta inda zan fara. Da na gaya masa, ya ɗago ya kalle ni.

"Adiza, ke ma ba ki ajiye ba?"

Na ce ban ajiye ba, Kawu. Ya mayar da tabarau aljihu, ya ce ba komai, Allah ya yi mini albarka, ya tashi. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Fuseina ta ce in buɗe sabon shafi a wurin nan dai, mutane za su dawo. Har muka yi cacar baki. Na ce mata na gama yi wa wani bauta a gidansa. Na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, na zauna a shago na rubuta abin da nake so shafina na kaina ya zama. Adireshin zai kasance da sunana, ni zan riƙe makullinsa. Ba hoton da zai hau sai yana wuri uku, ɗaya a cikinsu bugagge a takarda a hannun masu shi. Dole ya buɗe a ƙaramar wayar da tsofaffinmu ke riƙewa ba tare da ya cinye musu data ba. Ba talla, ba ƙidayar masu yabo, don wannan ƙidayar ce ta ruɗe ni tun farko. Zan rubuta da Hausarmu yadda muke yin ta. Na kuma yi wa kaina iyaka, domin na san halina: gida ɗaya a wata, ko da ba wanda ya leƙa. Daga ƙarshe na rubuta cewa zan koyi ginin da hannuna, don kada gobe wani ya sake tsaya mini a ƙofa.

Koyon ya ba ni wuya. Na yi kwanaki ina faɗa da hoto ɗaya da ya ƙi zama a tsakiya. Shafin da na fitar ba shi da kyau, fari ne da baƙin rubutu, gidaje huɗu ne kawai a ciki zuwa yanzu, masu shiga kuma ba su da yawa. Ina sake bin gidajen da na bi a da, ina ba da haƙuri, wasu akwatunan an buɗe mini, wasu masu su sun rasu an raba kayan.

Na daɗe ina ɗaukar labarin Kaka a matsayin gargaɗi game da mugayen attajirai. Yanzu na san ba haushin ɗan mai gidan ne ya hana ta ɗora tukunya ran nan ba. Ta san katangar ba tata ba ce, ta yi shekaru tana cewa za ta nemi wurinta, daɗin inuwa ya sa ta yi ta ɗagawa. Ta gaya mini wannan a fili ina 'yar shekara tara, na ji da kunnena, na girma na maimaita. Fushina da kamfanin bai huce ba, kuma ba na so ya huce. Amma ba su ne suka danna gogewa a wayata ba.

Kawu Issaka har yanzu yana biyowa ranar Juma'a. Yakan zauna in nuna masa gidan da na ƙara, ya gyara mini sunan da na rubuta ba daidai ba. Bai sake ambatar hoton ba. Ni ce duk akwatin da aka buɗe mini sai na duba bayan amare, cikin 'yan rakiya, ko Salamatu ta taɓa tsayawa a bikin wani.