Igiyar Sale a Rijiyar Gefen Sheme

Ban taɓa mantawa da ranar wata Talata ba, cikin bazarar 1975, lokacin ina helma, wato shugaban masu haƙar rijiyoyin gwamnati, a wani ƙauye gefen Sheme. Ku yaran yanzu da injin burtsatse ya sangarta ba ku san aikin ba. Ƙa'ida ita ce a haƙa zurfin gaba guda, wato tsawon hannu biyu a buɗe, a saukar da zoben siminti ya riƙe bango, sannan a ci gaba. Mai shiga kuma sai da igiya a ƙugu, in ya ja sau uku a fito da shi.

A shekarar kuɗi sun cika ƙasa, amma siminti ya yi ɓatan dabo. Mun kai gaba shida zobba suka ƙare. Ni kuwa ina son sufeton da ke duba aikinmu ya yaba mini, sai na ce da Sale, gwanin haƙarmu, ya ci gaba haka nan.

Da hantsi muka ji rugugi. Na leƙa, babu Sale, sai igiyarsa da ta nutse cikin ƙasa. 

Mutane suka taru. Liman ya leƙa, ya ce, "Ikon Allah! Helma, bangon nan shina iya sake zubowa. Kada a ƙara rai bisa rai. A yi mai salla, nan ne kabarinai."

Sai wani tsohon Bamaguje, Baba Nomau, wanda ya ba da filin rijiyar, ya matso.

"Malam, kun ce Allah shina iya komi, kun ce kuma babu mai jinƙai kamarsa. To mi Sale ya yi, in ba nemam ma mutane ruwa ba? Ko dai ya so ya tsare shi bai iya ba, ko ya iya bai so ba. Wanne ne?"

Liman bai yi fushi ba. Ya ce, "Baba, ganinmu gajere ne. Alherin da ke cikin hukuncinai ba duka muke gani ba."

Na yi a'uziyya a zuci, amma tambayar ta tsaya mini a rai. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ana ta tuhumar Allah, alhali na san wanda ya ce a haƙa babu zobe.

Na ɗaura igiya, na ɗauki shebur, na sauka cikin rijiyar. Baba Nomau ya riƙe ɗaya bakin, Liman ya cire rawani ya kama bayansa. Ina haƙa, ƙasa na zubo mini a ƙeya, ina jiran ta rufe ni. Sau biyu na kai hannu zan ja igiya, kunya ta hana ni.

Bayan azahar shebur ya bugi katakon da Sale ke tsayawa a kai. Katakon ya jingine ya bar masa 'yar kafar numfashi. Muka fito da shi da rai, amma ƙafarsa ta dama ta murƙushe.

Liman ya ce, "Ikon Allah!"

Baba Nomau ya ce, "Da hantsi ma haka ka ce, Malam."

Har yau ban iya warware tambayar tsohon nan ba. Na yi imani da ikon, na yi imani da jinƙan, yadda suke haɗuwa kuwa ya fi ƙarfin kaina. Abin da aikin ya koya mini shi ne mu ma'aikata mun iya fakewa da kalmar nan. Da sufeto ya tambayi dalili, mutanena duka suka ce ikon Allah ne, ni ma na yi shiru, aka rufe magana.

Sale bai sake shiga rijiya ba. Shekara ashirin yana ɗingishi yana zuwa gaishe ni da Sallah, yana yi mini godiyar ceton ransa, ban taɓa iya kallon ƙafar ba.