Barmo Mai Ginar Rijiya da Rana

Duk wanda ya sha ruwa tsakanin Gangara da Cadawa, da wuya bai sha gumin Barmo ba. Shekara talatin yana ginar rijiya. Ya shiga rami tun da sassafe, ya fito rana ta yi sanyi. Yakan ce shi da rana gaisuwar surukai suke yi, daga nesa, kai a sunkuye.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, yatsunsa suka fara kumbura. Rijiyar ƙofar gidansa, wadda ya yi wa matarsa Balki alkawari tun tana amarya, ta tsaya a zurfin gaba tara, ko laima ba a taɓo ba.

Kowa ya ce sanyin rijiya ne ya kama shi. Balki ta yi abin da aka saba: ta rufe shi a ɗaki, ta toshe taga da tsumma, ta ajiye masa kaskon wuta. Wata goma sha huɗu bai leƙa tsakar gida ba.

"Ke, jinya kike ko gashi?" in ji shi. "Saura yaji kawai."

"Yi shiru, Malam, kar iska ta shige ka."

Da ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa aka kai shi Maraɗi. Likita ya auna jini, ya ce ba sanyi ba ne. Akwai sojoji a jinin mutum masu yaƙar cuta, nasa sun juya suna cin gaɓoɓinsa. Bitamin D na cikin abubuwan da ke tsawata musu, fata ce ke yin sa in rana ta taɓa ta, shi kuwa nasa ya kusa ƙarewa.

Barmo ya ce, "To, na Yamai sun koma bariki, nawa fa?"

Balki ba ta yi dariya ba. "Likita, da na bar shi a rana, da ya warke?"

"Ban ce ba, Inna. Sai dai yatsan da ya riga ya lanƙwashe ba ya miƙewa."

Tun daga nan kullum da hantsi takan shimfiɗa masa tabarma a bakin rijiyar, ta ba shi ƙwayoyinsa, ta ɗauki tulu ta tafi ɗiban ruwa bayan gari. Sau uku ya gwada riƙe igiyar shiga rijiyar, tana sulluɓewa.

Ranar da ta jawo ƙaya ta rufe bakin ramin don kada awaki su faɗa, ta tsaya tana jiran ya yi ba'a. Bai yi ba.