Haƙorin Makkan Goggo Safiyatu

Goggo Safiyatu yayar babana ce. A ƙauyenmu da ke gefen Ɗanbatta, da ƙuli-ƙulinta aka san ta, sai kuma dariya. Tun kafin a haife ni haƙorinta na bayan fiƙa ya yi rami, aka cike mata shi da wani farin ƙarfe a birni, ta manta da shi.

Shekarar da ɗanta Tahir ya kai ta aikin Hajji, ta yi abin da alhazan garinmu ke yi: ta sa haƙorin Makka. A kan fiƙar aka ɗora mata shi, jikin wancan cikon. Ta dawo tana dariya har da abin da bai kai ba.

Da damina ta fara cewa bakinta kamar ta tsotsi ƙusa. Dasashinta ya yi baƙi. Ta ɗauka dattin goro ne, ta dinga dirza wurin da toka da gishiri. Sai wani farin tabo ya fito a cikin kuncinta, ya fashe, ya ƙi warkewa. Ta bar yaji, ta bar tuwo. Ƙuli-ƙulin ma ni nake ɗanɗana mata gishirinsa.

Ni na raka ta wurin likitan haƙori a Kano. Ya ce ƙarfen biyu ba iri ɗaya ba ne, a cikin yawu suke cin juna, abin da ke zaizayewa kuma yana shiga namanta. Dole a cire duka biyun, a yanki tabon a auna.

Ta yarda da cire cikon. Na Makkan ta ƙi.

Na ce, "Goggo, Hajjinki yana wurin Allah, ba a bakinki ba."

"Ke 'yar boko, na sani," in ji ta. "Amma da shi za a wanke ni."

Tahir ya roƙe ta har da kuka. Liman ya zo da kansa ya ce cirewa ba laifi ba ne. Ta yi masa godiya, ta ja mayafi ta rufe baki.

Yanzu gyambon ya kai ƙarƙashin haƙorin, kuncin ya kumbura. Koko kawai take sha, ta gefe ɗaya. Jiya ta kira ni ta ce in nemo mota, ta yarda. Na buga wa likitan waya. Ya ce mu zo, amma maganar ta wuce ta cire haƙori.