Ƙadangaren Da Ke Hannun Inna

Edita, bayan sallama, ina roƙon ɗan fili in sauke wani abu da ya daɗe yana ci na a rai, kuma don Allah a sakaya sunana. Lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a Suleja, kullum da sassafe ina bin motar ma'aikata zuwa ofis a Abuja. Ba zan ɓoye ba, a lokacin ina ji da kaina. Ni ce ta farko a gidanmu da ta yi boko mai zurfi, ga baki kamar reza, in na yanke magana ba mai ja da ni, har ƙanena namiji. Da mahaifinmu ya rasu na ɗauko Inna daga Maje na dawo da ita wurina, na ba ta ɗaki da katifa da fanka, a ganina na gama mata komai.

Inna tana da jarfa a hannunta na dama, wato zanen nan na mutanen da, wanda ake yi da aska, ba ya fita har a koma ga Allah. Hoton ƙadangare ne, ya taso daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, wutsiyarsa a karkace. Tun muna yara take ba mu labarinsa tana dariya. Wai suna 'yan mata suka je wurin wanzami ranar kasuwa, ita da ƙawarta, wata Bagwariya da muka taso muna kira Gwaggo. Wanzami yakan fara zana hoton da tsinke da garin gawayi, sannan a kwantar da yarinya a tabarma, wata babba ta danne mata kafaɗa, a ba ta bakin zani ta ciza. Sai ya bi zanen da 'yar ƙaramar aska yana tsagawa kusa da kusa, in ya gama ya kankaro baƙin gindin tukunya ya kwaɓa da man kaɗanya ya murza a cikin ciwon. Hannu ya kumbura, a yi ta gasa shi da ruwan ɗumi, sai ɓawon ya faɗi zane ya fito. Inna aka fara yi wa. An zo kan wutsiya ta kasa daurewa ta fizge, aska ta goce, ta yi ta kuka an ɓata mata ado. Shi ne Gwaggo ta miƙa nata hannun ta ce wa wanzami ita ma a karkata mata wutsiyar, in ba haka ba ta fasa. Haka suka tashi da ƙadangare iri ɗaya, kuma ƙawancen nan bai taɓa yankewa ba sai da na shiga tsakaninsu.

Ni kuwa na tsani zanen nan. Wata rana abokan aikina suka zo min barka, Inna ta miƙo musu ruwa, ɗaya ta kama hannun tana ƙyalƙyala dariya, tana cewa da Turanci ashe tsohuwar 'yar gayu ce. Suna fita na yi wa Inna wankin babban bargo. Na ce zanen jiki haramun ne, na ce ta kunyata ni. Allah na gani ba addini ne ya dame ni ba, kunyar idon mutane ce, na fake da wa'azi. Sai ta ce lokacin da aka yi mata zanen ko sallah ba ta gama iyawa ba, Allah ya san yarinya ce. Washegari na kai wa tela yadi ya ɗinko mata riguna masu dogon hannu, na kwashe tsofaffin na bayar. Gwaggo kuma, da takan zo da doya a kafaɗa, ƙafarta duk jar ƙasa, su zauna a tsakar gida suna hira rabi Hausa rabi Gwaranci, sai na shiga ɗaure mata fuska. Mai hankali ce, ba sai an faɗa mata ba. Ta ɗauke ƙafa.

Bayan nan ne ruɗewar tsufa ta kama Inna. Ta kira ni da sunan yayarta da ta rasu, ta nemi murhu a cikin falo, kullum maganarta ɗaya, za ta Maje, ana jiran ta. Wata ranar damina ina ofis, yara suna makaranta, ta buɗe ƙofa ta fita. Mun duba Maje, amma ko gidanmu na da babu shi, an yanka wurin an yi gidajen haya, gidan Gwaggo da ke can kuwa ban ko tuna da shi ba. Muka bi asibitoci, muka je wurin 'yan sanda, muka ba da cigiya a masallatai da rediyo. Wurin tsara cigiyar ne ƙanena ya ce a sa maganar ƙadangaren, don shi ne abin da kowa zai gane. Na yi tsalle na dire. Na ce so yake duk ofishinmu su ji uwata mai zane ce? Ai hijabi ruwan ƙasa da riga mai dogon hannu sun isa kwatance. Hoton da na raba a waya ma na wata tsohuwar Sallah ne, lokacin tana da jiki, an lulluɓe ta har wuya. Kaico, da bakina na toshe hanyar ganin uwata.

Kwanaki suka yi ta tafiya shiru, na rame, ba ci ba barci. Sai ga Gwaggo da sandarta, wai sai a lokacin labari ya kai mata, a bakin wata mai sayar da itace. Ba ta ko zauna ba. Tambayar farko da ta yi min ita ce, na faɗa wa mutane ƙadangaren? Na sunkuyar da kai. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa kawai ta yi in ɗauko mayafina. Muka fara da kasuwar Suleja, muka shiga unguwar Bagama, muka bi tashoshi. Duk inda ta ga taron mutane sai ta naɗe hannun riga ta ɗaga hannunta sama, tana tambaya ko akwai wanda ya ga ɗan'uwan wannan. Wasu su yi dariya, wasu su ɗauka bara take. Ni da nake ƙyamar zanen nan, ga ni a bayansa ina bi rumfa-rumfa, ina addu'ar Allah ya sa wani ya gane shi.

A Sabon Wuse aka gane shi. Wani direba ne ya ce mu gwada can, ya taɓa jin ana maganar wata tsohuwa a bakin titi. Muna isa layin masu abinci Gwaggo ta ɗaga hannu, wata mata Kirista 'yar Filato da ke zuba wa mutane tuwo ta kalla, ta saki marar kwasar tuwon a ƙasa, ta ɗora hannu a ka tana kiran sunan Yesu. Tun kafin ta yi magana jikina ya ba ni. Ta jawo mu bayan rumfa ta zaunar da mu, ta ce mu yi haƙuri, shekaranjiya aka binne Mama.

Ta ce ta tsince ta ne a bakin hanyar Kaduna, ruwan sama ya yi mata dukan tsiya, ba hijabi ba takalmi, ba wanda ya san yadda ta iso. Ta cire mata jiƙaƙƙiyar rigar ta sa mata tata mai gajeren hannu, ta kwantar da ita a ɗakinta. In an tambaye ta suna sai ta faɗi na yarinta, in an ce ina ne gida sai ta kira wani ƙauye da ba wanda ya taɓa ji. Duk layin Mama mai ƙadangare suke kiran ta. Matar ta kai magana wurin mai unguwa, an yi shela. Cigiyarmu ma ta ji ta a rediyo da kunnenta, amma ta ce a ranta ba wannan ba ce, don wace 'ya ce za ta nemi uwarta ta manta da abu irin wannan a hannu? Sanyin ruwan nan ne ya sauka mata a ƙirji. Da ta cika, matar ta kira maƙwabtanta Musulmi suka yi mata wanka da sutura. Sai ta ƙara da wata magana, ita ba ta san wuƙa take caka min ba. Wai Mama ba ta da rigima, yini take tana shafa zanen tana cewa ƙawarta na nan tafe. Amma duk ranar da suka ce mata ta kwantar da hankali, 'yarta za ta zo ta ɗauke ta, sai ta yi sauri ta ja zani ta rufe hannun, ta ce 'yarta ba ta son gani. Inna ta manta sunana, ta manta gida, amma wannan ba ta manta ba.

Ban san yadda aka kai ni maƙabarta ba. Abin da na iya tunawa shi ne Gwaggo ce ta riƙe ni, da wannan hannun.

Na yarda kwananta ne ya ƙare, ba na ja da ikon Allah. Amma ni na san da na bar ƙanena ya faɗi kalma ɗaya, da a kan cinyata za ta cika, da na samu na ce ta yafe min. Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwana, musamman mu da muka ɗan yi karatu muka shiga birni, ku bar tsofaffinku da tsagarsu da billensu da jarfarsu. Sun sha zafin aska a kansa, kuma a bayan kowane zane akwai wani mutum da suke so. Ku tambaye su labarin tun suna iya faɗa, ku kalli hannun da kyau. Ni yanzu duk Asabar ina Maje, a gidan matar da na kora da fuska. In zauna kusa da ita in naɗe mata hannun riga da kaina, in bi karkatacciyar wutsiyar nan da yatsa, ita kuma ta ƙyale ni. Duk duniya nan ne kaɗai ya rage inda zan ga hannun uwata, ga shi Gwaggo ma jiki ya fara ƙi.