Kifin da Inna Ta Aika wa Malam

Da na zo hutu Yelwa daga jami'a, Inna ta tambaye ni ko malaminmu yana yabawa da karatuna. Na ce mata bai ma san ni ba, don muna cika ɗakin lacca har bakin taga, ni kuma kullum can baya nake samun wuri, inda muryarsa ba ta isowa sosai. Inna ba ta yarda akwai malamin da bai san ɗalibinsa ba. Ranar komawata ta ƙunshe bandar kifi a jarida, ta ce in kai masa, kamar yadda take aika wa malaminmu na Islamiyya.

Da kunya na shiga ofishinsa na ajiye. Ya yi godiya, ya tambayi garinmu da inda nake zama a aji.

Washegari yana tsakiyar bayani sai ya dakata, ya ɗaga kai.

"Ina ɗan Yauri? Kuna ji na daga can?"

Mu duka 'yan baya muka ce a'a. Shekara ta kusa ƙarewa, amma sai ranar aka fara tambayarmu.