Mutumin da Ya Zauna a Gindin Dutsenmu

Gidanmu shi ne na ƙarshe kafin duwatsu, a gefen Damagaram inda gari yake ƙarewa. Mu biyu ne a ciki, ni da Baba. Inna ta rasu ina 'yar ƙarama, ban riƙe komai nata ba sai ƙamshin man shanu a zanenta.

Baba kuturu ne. Ya warke tun kafin a haife ni, amma cutar ta riga ta ci abin da za ta ci. Yatsun hannunsa sun rage dungu, hanci ya lotsa, gira babu. A ƙauyensu, wajen Guna, ya kamu yana saurayi. Wani ya kai shi gidan likitar mishan can nesa, ya yi shekaru yana shan magani, ya dawo da lafiyarsa, ya kuma dawo Kirista. Dangi suka ce da abu ɗaya ne da sun jure, amma biyu sun yi yawa. Sai ya shigo birni, ya samu gadin wani lambu, ya auri Inna wadda ita ma a can gidan likitar suka haɗu. Sunan mahaifiyarsa ya sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da suna ba, sai dai ya ce Uwata.

Ba zan ce maƙwabta sun cuce mu ba. Ana gaisawa, ana tambayar kwana, ranar layya akan aiko mana da nama. Sai dai yaron da aka aiko yakan tsaya daga ƙofa ya ce in kawo kwanonmu a juye. Ba a shigo mana hira, mu ma ba ma shiga. A majami'a ma kusan haka ne. Yawancin masu zuwa ma'aikata ne da aiki ya kawo su daga nesa, da Faransanci suke hira. Idan aka ce a gaisa da juna, hannu yakan bi layi har ya zo kan Baba, sai mai hannun ya dafa ƙirjinsa ya yi murmushi. Baba ma ya dafa nasa.

Na gama lakwal, wato makarantar boko, na koyi ɗinki, na ajiye kekena a rumfar tsakar gida. Maganar aure ta zo ta wuce. Musulmi ya ji addinina ya ja baya, Kirista ya ga hannun Baba ya ja baya. Sa'o'ina duk suna da goyo a lokacin da abin da zan faɗa ya faru.

Bazara ce mai tsanani. Pampon unguwa ya ƙafe, sai mu zauna jiran 'yan ga-ruwa su turo kura da bido, wato jarkokin ruwa, wani lokaci su ƙare kafin su iso ƙarshen layi. Wata Lahadi pasto ya yi wa'azi a kan farkon halitta, yadda Allah ya yi mutum cikin siffarsa, namiji da mace. Tun ina yarinya nake jin wannan karatu, amma ranar sai na waiwaya na dubi gefen fuskar Baba, na yi sauri na mai da idona ƙasa. Muka taka zuwa gida ta lungunan Birni, rairayi yana ƙona ƙafa.

Da muka iso sai muka tarar da yara sun yi cincirindo a bayan gidanmu suna jifa. Wani mutum ne zaune a gindin babban dutsen da ke yi mana inuwa da yamma. Mahaukaci ne. Gashin kansa ya cukurkuɗe ya yi dunƙule-dunƙule, jikinsa ba komai sai guntun buhu, a ƙafarsa ta hagu kuma da mari, da alama daga inda aka ɗaure shi ya tsinke. Ƙarfen ya ci naman idon sahun, ƙudaje sun rufe wurin. Ba ya kare kansa daga jifan, kallon ƙasa kawai yake.

Baba ya daka wa yaran tsawa suka watse. Ya shiga gida ya haɗa dungayen hannunsa biyu ya ɗauko moɗarsa, wadda ba wanda ke sha da ita sai shi, ya cika ta daga randa.

Na ce, "Baba, ruwan nan shi ke nan mana har gobe."

Ya ce, "Na sani, Uwata."

Ya ajiye moɗar a gaban mutumin ya koma gefe ya tsuguna. An jima mutumin ya ɗauka ya shanye. Bai dubi hannun da ya kawo ba.

Haka aka yi kwanaki. Baba ya kai ruwa, ya kai fura, ya raba tuwonsa. Mutumin ba ya magana. In iska ta juyo, warin ƙafarsa har rumfar ɗinkina yake isowa. Matan da ke kawo mini ɗinki suka fara toshe hanci da gefen mayafi, wata ta ce, "Kun kuma samu baƙo ke nan."

Wata safiya Baba ya tsaya a kaina ina kan keke. Ya ce, "Yau za mu wanke shi, mu yi masa aski. Ni ba na iya riƙe almakashi. Ke za ki yi."

Na tsayar da keken. Na ce, "Abin da ake faɗa a kanmu bai isa ba? Gidan kuturu, gidan arna, yanzu kuma gidan mahaukata? Wa zai sake kawo mini zanensa in ya ji da almakashin nan na yanke wannan gashin?"

"Ɗauko tsohon, wanda kika daina aiki da shi."

"Ba maganar almakashi ba ce, Baba."

Ya zauna a kan turmi. Ya ce, "Ran Lahadi na ga kin dube ni da pasto yake karatu. Faɗi abin da ke ranki."

Na ce, "An ce cikin siffar Allah aka yi mu. To wace siffar? Ta pasto, ko taka, ko ta wancan da ke gindin dutse?"

Na zaci zai ji zafi. Sai ya ɗan yi dariya. Ya ce shi ma ya yi wannan tambayar a gidan likita, ranar da ya fara ganin fuskarsa a madubi bayan hancin ya faɗa. Ya ce ya daɗe ba ya son jin wannan karatu.

"Amma ki lura da labarin," in ji shi. "Rana da wata, tsuntsaye da kifaye, magana kawai ya yi suka kasance. Da ya zo kan mutum, sai ya ɗebi ƙasa ya gina da kansa. Ya matso har bakin hancinsa ya hura masa numfashi. Ni da na yi shekaru ba wanda ke matsowa kusa da ni, wannan wurin ne ya kama ni. In da siffar a yatsu take, da tawa ta daɗe da zubewa. In da a wayo take, da ta wancan ta tafi. Ni ban san duk abin da take nufi ba, Uwata, ba malami ba ne ni. Abin da na sani, ba cuta ce ta ba mu ita ba, cuta ba za ta karɓe ba."

Ban gamsu ba a lokacin. Na tashi ne don ubana ya roƙe ni, kuma bai saba roƙona komai ba.

Muka ɗauki daro da sabulu da rabin ruwan da muke da shi. Baba ya tsuguna a gaban mutumin yana yi masa magana a hankali kamar mai lallashin jaki mai tsoro. Ya ce, "Ɗan'uwa, 'yata ce, za ta rage maka gashin nan ka ji iska." Na zagaya ta baya. Gashin ya yi tauri kamar kaba, almakashi yana ƙin ci. Ƙwarƙwata tana bin yatsuna. Sau ɗaya ya zabura ya kama wuyan hannuna, na ji ƙarfinsa har cikin ƙashi. Baba ya ɗora dungunsa a kan hannun mutumin, ya bar shi a nan, har ya sake ni.

Da gashin ya zube na zuba ruwa na wanke kan da fuskar, sai ga saurayi. Ashe bai girme ni ba. Yana da 'yan tsagu a kumatu, irin waɗanda uwa ke riƙe jariri a yi masa ran suna. Na tsaya da ƙoƙon ruwa a hannu ina kallonsu. Na koma gida na bar Baba ya ƙarasa masa wankan jiki, na ɗauko tsohuwar taguwar Baba na rage mata wuya.

Saura marin. A layinmu akwai wani tsohon maƙeri, mai yawan salla, wanda shekara da shekaru gaisuwa ce kawai tsakaninsa da Baba. Baba ya je ya same shi. Da la'asar sai ga shi da guduma da kurfin yanke ƙarfe. Ya dubi ƙafar ya ce, "Subhanallahi. Ko dabba ba a yi mata haka." Ya sa dutse a ƙarƙashi ya dinga bugu a hankali har ƙarfen ya buɗe.

Yana tattara kayansa ya ce wa Baba, "Maƙwabci, me ya haɗa ka da wannan wahala?"

Baba ya ce, "A wurinmu an ce Allah ya yi mutum cikin siffarsa."

Maƙerin ya girgiza kai. "A'a. Allah ba shi da kama, ba abin da ya yi kama da shi. Amma ya girmama ɗan Adam, wannan kam haka ne."

Baba ya ce, "Ni ma ba fuska nake nufi ba."

Suka bar maganar a nan. Washegari matar maƙerin ta aiko da garin magani na gyambo.

Mutumin ya zauna da mu har ƙarshen bazara. Bai taɓa shiga gida ba, dutsen ya fi so. Ƙafar ta kama warkewa. Da yamma Baba yakan dawo daga lambu ya zauna kusa da shi, su biyu suna kallon awaki suna hawa duwatsu. Ina jiyo muryar Baba daga rumfa yana ba shi labarin ƙauye, labaran da ni bai taɓa ba ni ba. Sau ɗaya kawai na ji muryar mutumin. Na kai masa fura, ya karɓa ya ce, "Gerona na Tirmini ya fi wannan." Ban san ko gaskiya ba ne, ko can ne garinsu.

Ranar da aka yi ruwan farko, da gari ya waye na leƙa na gan shi a filin da ke gaban duwatsu. Yana tafiya a miƙe, ya sunkuya kaɗan kamar mai jefa iri, ya rufe da diddige, ya ƙara taku. Hannunsa ba komai. Ya yi layi ya juyo ya kama wani. Na kira Baba muka tsaya a ƙofa muna kallo. Da rana ta yi sama muka duba, ba ya nan. Moɗar tana gindin dutse a kife.

Baba ya neme shi. Ya bi kasuwa, ya bi tasha, ya tambayi 'yan kabu-kabu da masu motocin hanyar Tirmini. Wasu su ce sun ga mai kama da shi, wasu su yi masa dariya. Daga baya ya daina tambaya, amma yamma ta yi masa tsawo. Yakan zauna a wurin shi kaɗai har a kira magariba.

Damina biyu bayan haka Baba ya kwanta da ciwon ƙirji, bai tashi ba. Pasto ya zo da 'yan mutane kaɗan daga majami'a. Tsohon maƙerin ya bi mu har bakin maƙabartar Kirista ya tsaya daga waje, hannayensa a baya, sai da aka gama ya juya. Na dawo gida na tarar da shi tsit. Ban san cewa tarin Baba da jan takalminsa su ne hayaniyar gidan ba.

Bayan 'yan kwanaki aka yi sallama a ƙofa. Na fita na ga wani dattijo da sanda, ƙurar hanya a ƙafafunsa. Ya ce shi ƙanen Baba ne, daga Guna, labari ya iske su a kasuwa. Ban taɓa ganin kowa daga dangin Baba ba. Na shimfiɗa masa tabarma na kawo ruwa, ya yi mini gaisuwa, ina amsawa ban san me nake cewa ba. Goshin na Baba ne, da kunnuwan, da yadda yake karkata kai in zai yi magana. Amma ga hanci a tsaye, ga gira, ga yatsu dogaye suna jan carbi. Haka ubana yake kafin in san shi. Na kasa ɗauke ido har ya tsargu ya gyara hularsa.

Na ce, "Baffa, ka ɗan ƙara zama."

Ya ce gona tana jira, kuma motar ƙauye ba ta jiran kowa. Ya ce in na samu hali in zo in ga gida. Daga yadda ya faɗa na gane ba a shawarta da kowa ba, shi ma bai san yadda za a karɓe ni ba.

Na raka shi har tasha. Na tsaya har motar ta cika ta tashi, ina hango ƙeyarsa ta taga. Sannan na juyo a ƙafa. Salla ta matso, akwai ɗinkin mutane a jibge a rumfa, sai na wanke fuskata na zauna a kan keke.