Sirrin da Duk Gari Ya Sani

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Benin, a shekarar nan aka sa wa ruwan gonakinmu makulli. Manyan motoci sun yi layi a tsallaken kogi har ido ba ya ganin ƙarshensu, mutane suka koma shiga kwalekwale kamar zamanin kakanni. Najeriya kuma ta yanke mana wuta. Da damina ta wuce muka shiga noman rani, injinan da ke ɗebo mana ruwa daga kogi suka koma shan gazuwal, wato man dizal, shi kuwa gazuwal sai mai rabo. Ruwan da a da ake saki ya yini yana gudu ya koma rabo, kowane manomin shinkafa da ranarsa.

Ƙungiyarmu ta manoma a nan Gaya tana da wani shafi a intanet tun kafin wannan. A nan ake jera ranakun ruwa, kowa ya duba a wayarsa, wanda ke da uzuri ya musanya rana da wani. Ba ƙofa, ba mai gadi. Lokacin yalwa ba wanda ya damu. Da ƙunci ya zo sai sunaye suka fara tafiya da kansu: ka kwana kana Talata, ka tashi kana Asabar. Dattawa suka zauna suka ce a yi wa abin ƙofa. Aka kira 'yar marigayi makanikenmu, wadda ke aikin na'ura a Yamai. A gabana aka raɗa mata suna, Baba Malam take ce mini.

Ta yi mana bayani a gindin mangwaron da ke gaban biro, ofishin ƙungiyarmu. Kowa zai sami ɗakinsa a cikin shafin, shi ake kira kont, da makullinsa, wasu lambobi da shi kaɗai ya sani. Ba mai taɓa ranar mutum sai shi, ko ita kanta ba za ta iya ba, haka dattawa suka gindaya. Wanda ya manta makulli fa? Ta ce da farko ta so a riƙa aiko da saƙo ta waya, amma layukanmu wasu na Benin ne, wasu na Najeriya, saƙon ba ya isowa. Don haka ta sa tambayar sirri. In ka amsa daidai, sai ka yi sabon makulli.

Da layi ya zo kaina na zaɓi lambobina, ta nuna mini inda zan danna, tunda ni karatuna na allo ne da ajami. Sannan ta ɗaga kai.

"Baba Malam, mene ne sunan ɗanka na fari?"

Na ɗauka kunnena ne. Tun ranar da aka yanka masa rago ban taɓa furta sunan nan ba, uwarsa ma haka. Yaron nan nake cewa, ko da yake yau furfura ta fara fito masa a gemu.

"Ke, ni kike tambaya wannan?"

"Ai shi ya sa na zaɓe ta, Baba," in ji ta, tana murmushi. "Abin da mutum bai taɓa faɗa ba, shi ne sirri."

A bayana akwai maƙwabcina na gona, Bazabarme, wanda kunya ɗaya ce tsakanin shinkafata da tasa. Ni asalinmu Gobir ne, ga zanen a fuskata, don haka tun muna samari muke wasa, kullum safiya sai mun zagi juna kafin mu kama aiki. Ya ɗaga murya ya faɗi sunan ɗana, har da laƙabin da kakarsa ke kiransa da shi.

"Rubuta, 'yata! Bawana ne, ni ke magana a madadinsa. Kyanwar da ta yakushe masa fuska ta tafi da harshen."

Aka fashe da dariya. Ta rubuta. Na karkaɗe rigata na tafi.

Abin ya yi ta tafiya lafiya har shinkafata ta ɗauki ciki. Duk wanda ya noma shinkafa ya san wannan lokaci: in ta sha ƙishirwa a nan, zangarniya za ta fito, amma ƙaiƙayi ne. Ita ce abincin gidana har damina, ba ni da wata.

Ranar ruwana na idar da sallar asuba, na saɓa fartanya na nufi gona. Tun daga nesa na ji kukan inji, na ce alhamdulillahi. Da na iso sai na tarar ruwa na shiga gonar maƙwabcina, tawa a bushe. Mai buɗe ruwa ya nuna mini wayarsa.

"Malam, ai ka ba shi ranarka. Ga shi nan."

Na ciro tawa wayar, na danna lambobina. Ta ƙi. Na sake, na yi bisimilla na sake. Ta ƙi. Ina tsaye a kan kunya, ina jin ruwana yana gudu a gonar wani, ƙarfe a hannuna yana ce mini bai san ni ba.

Na sami 'yar makaniken a biro. Ta buɗe na'urarta ta duba, fuskarta ta canza.

"Baba, an nuna jiya ka ce ka manta makulli, ka amsa tambaya, ka yi sabo, ka ba shi ranar."

"Ni?"

"Kont ɗinka dai."

"Jiya ina Tanda wajen ta'aziyya. Ko kont ɗin ya bar ni can ya dawo shi kaɗai?"

"To bari mu shiga mu canza makullin. Sai ka amsa tamba..."

Ba ta ƙarasa ba. Allah ya sani ban saba ɗaga wa 'ya'yan mutane murya ba, amma ranar na ɗaga. Na ce mata fita bakin hanya ki tsayar da duk wanda kika gani. Mai tallan kifi ta san sunan nan. Mai kwalekwale ya san shi, ma'aikacin duwan mai karɓar harajin kan iyaka ya san shi, yaran da aka haifa bara waccan sun san shi. A duk faɗin Gaya mutum biyu ne ba za su iya faɗinsa ba, ni da uwarsa. Kin gina ƙofar da ke buɗe wa duk gari, ta kulle mai gida a waje. Ba na faɗa don kunya, ke kuma kika ce sirri ne. Wa ya gaya miki abin da ba a furtawa shi ne abin da ba a sani ba?

Ba ta sunkuyar da kai ba.

"Gaskiyarka, Baba. Tambayar ba ta yi ba, zan cire ta. Amma ku kuka ce in yi sauri. Ranar nan dattawa nawa ne a gindin mangwaro? Dariya kuka yi, ba wanda ya ce mini uffan."

"Ni ban yi dariya ba."

"Tafiya ka yi."

Ta mayar mini da kont ɗina, wannan tana da iko. Na ce to ɗauko ranarsa ki ba ni. Ta ce ba ta iya ba, mu muka hana, sai shi da hannunsa. Cire tambayar kuma sai dattawa sun zauna an yarda da abin da zai maye gurbinta. Ruwan yau kuwa ya riga ya shiga ƙasa, na'ura ba ta tono shi.

Na koma gona. Maƙwabcina yana tsaye cikin ruwa har idon sawu, yana waƙa.

"Fofo, Bagobiri! Ka makara."

Bai ma ɓoye ba. Ya ce ya je wajen mai cajin waya a tasha, wani baƙo daga Najeriya da bai san fuskokinmu ba, ya ce shi ne ni, ya manta makulli. Da aka zo tambaya ya faɗi sunan kamar yadda ya faɗa a gindin mangwaro.

"Bawa da abin hannunsa na ubangidansa ne," in ji shi. "Wasa ne."

Wannan kalma ita ta fi ƙona mini rai. Na san wasa. Ya sha ɗauke mini hula, na sha kwashe masa goro. Ya taɓa kama zakarana ya yanka, ya aiko mini da ƙafafu, na yi dariya har da hawaye. Kakanninmu sun bar mana wasa don kada Bagobiri da Bazabarme su zare wa juna wuƙa. Ba su bar shi don a lulluɓe zalunci ba. Ya shiga rigata, ya yi magana da bakina, ya ɗauki sunan da nake girmamawa da shiru ya mai da shi abin fasa ƙofa, ya cire tuwo daga bakin iyalina, sannan yana so in yi dariya.

"Tawa ma mutuwa take yi," ya ce, da ya ga ban motsa ba.

"Da ka roƙa."

"Bazabarme ya roƙi bawansa?"

Na saɓa fartanyata. Na juya.

Daga ranar na daina zaginsa. In mun haɗu a ƙofar masallaci sai in rusuna kaɗan in ce, "Barka da asuba, Malam. Ina gajiya? Ina iyali? Allah ya ƙara girma." Ranar farko ya yi dariya ya ambaci kyanwa. Na ce, "Na gode, Malam." Daga nan dariyar ta fara ragewa. Mutane suka lura, suna kallonmu ta gefen ido.

Shinkafata kuwa ganyenta ya fara naɗewa, ƙasa ta tsage har yatsa na shiga. Ni da mai ɗakina muka riƙa jido ruwa da bokiti daga magudana, amma me bokiti zai yi wa gona? Ranata ta gaba tana nesa. Ina sallah zuciyata na gona. Ina neman tsari daga fushi, in sallame in tarar da shi zaune yana jirana.

Saura kwana biyu ranar maƙwabcina ta zagayo ya same ni a kan kunya. Ya daɗe yana kallon tsagin ƙasar.

"Kai Bagobiri, zage ni mana."

"Subhanallahi, Malam. Me ka yi mini?"

"Don Allah bar wannan Malam ɗin. Matata ta ce tun da ka fara gaishe ni ba na cin abinci." Ya tofar da goro. "Tashi mu je biro."

Mun tarar da mutane a gindin mangwaro. Ya ce wa 'yar makaniken ya zo ya ba ni ranarsa. Ta miƙa masa waya.

"Sa makullinka, Baba."

Ya danna, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ashe shi bai taɓa riƙe lambobinsa ba, wani mai cajin daban ne ke shigar masa, shi kuwa ya koma garinsu.

"To sai tambaya," in ji ta. "Mene ne sunan ɗanka na fari?"

Ya buɗe baki ya rufe. Ya cire hula ya mayar.

"Haba 'yata, ai kin san shi. Tare kuka yi karatu a lakwal."

"Na san shi, Baba. Amma ni ba mai kont ba ce."

Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa ko a reshen mangwaro. A ƙarshe ya juyo wajena. Na bar shi a tsaye har sai da ya ɗanɗani abin da na ɗanɗana. Sannan na gyara murya na faɗi sunan, da ƙarfin da masu tallan kifi a tsallaken hanya suka waiwayo, na haɗa da laƙabin da aka yi wa yaron saboda kunnuwansa. Dariyar ranar ta fi ta ranar farko. Ta rubuta, ƙofa ta buɗe, ya danna da yatsansa, ranarsa ta koma tawa.

Bayan dattawa sun zauna ta cire tambayar. Yanzu wanda ya manta makulli sai ya zo biro da fuskarsa, tare da maƙwabtansa na gona biyu. Wasu na gunaguni wai wahala ce. Ni ba na gunaguni.

Ranar ruwan, maƙwabcina ya riga ni isa gona. Shi ya sare kunya da fartanyarsa, muka tsaya muna kallon ruwa yana bin tsagin ƙasa yana cika shi. Gefen tudu ya riga ya tafi, ƙaiƙayi muka yanka a wurin da kaka ta zo, har yau in na tuna raina na ɓaci. Sauran ta rayu, ta kai mu damina da ƙyar. Tasa gonar ta sha ƙishirwar da tawa ta sha, ita ma ta yi asarar gefe.

"Na biya?" ya tambaya, bai dube ni ba.

"Ruwa ya biya ruwa. Abin da ya bushe na bar wa Allah."

Ya tsaya yana jira. Na san abin da yake jira.

"Matsa mini daga kan kunya, bawan banza mai cin kopton zogale," na ce. "Kana tare mini ruwa."